Shekarar Hudaibiyya a Fadar Kisra da Sansanin Hiraƙal

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, a karatun sira muna jin cewa bayan sulhun Hudaibiyya Annabi (SAW) ya aika wa Hiraƙal da Kisra wasiƙu, Kisra ya yayyaga tasa, daga baya ɗansa ya kashe shi. Me ke gudana tsakanin Rum da Farisa a wannan shekarar? Kuma waɗanda ba Musulmi ba sun rubuta wannan kisan a littattafansu?"

Sun rubuta shi, ɗan'uwa, har da rana da wata. Shekarar ita ce 628 Miladiyya, wadda ta ɗauki ƙarshen shekara ta 6 da mafi yawan ta 7 bayan Hijira. Girkawa sun rubuta, Armeniyawa sun rubuta, Kiristocin Iraƙi masu rubutu da Suriyananci sun rubuta, kuma akwai wasiƙar da Hiraƙal da kansa ya aiko gida daga fagen fama yana ba da labarin. A gani na, abin da ya fi muhimmanci a wannan shekara shi ne cewa ba takobin Hiraƙal ne ya kayar da Kisra ba. Mutanen gidansa ne suka kayar da shi, kuma daular ba ta sake miƙewa ba daga wannan faɗuwar.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane. Kisran da ake magana shi ne Kisra na biyu, mai laƙabin Abarwiz, ɗan Hurmuz. Yana hawa gado a 590 wani sarkin yaƙi mai suna Bahram ya kore shi, ya gudu ya fake wurin Rumawa. Sarkin Rum na lokacin, Moris, ya ba shi runduna, ya koma ya karɓe gadonsa a 591. To a 602 sojojin Rum da ke bakin kogin Danub suka yi tawaye, wani ƙaramin hafsa mai suna Fokas ya yanka Moris da 'ya'yansa maza ya hau kujera. Kisra ya ce zai ɗaukar wa mai taimakonsa fansa. Da gaske fansar ce ko hanya ya samu, abin da ya biyo baya ya nuna: a 610 Hiraƙal ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya kashe Fokas, ya nemi sulhu, Kisra ya ƙi ji ya ƙi gani. Mai laifin ya mutu, amma yaƙin sai ma ƙaruwa ya yi. Antakiya ta faɗi, Dimashƙa ta bi a 613, Ƙudus a 614, Iskandariyya a 619. A Ƙudus aka yi kisa mai yawa, aka kwashe shugaban cocin birnin, Zakariyya, da tarin bayi, aka kuma ɗauke itacen da Kiristoci suka yi imani shi ne ragowar gicciyen Almasihu, aka kai shi Farisa. Da Masar ta tafi alkama ta yanke, har aka daina rabon burodin kyauta da talakawan Kustantiniyya, babban birnin Rum, suka saba karɓa. A cikin wannan hali ne farkon Suratur Rum ya sauka a Makka, yana cewa an rinjayi Rumawa amma za su yi rinjaye cikin 'yan shekaru. A lissafin duniya na wancan lokacin babu mai hankalin da zai sa kuɗinsa a kan Rum, shi ya sa mushrikai suka yi saurin ƙulla caca da Sayyidina Abubakar a kan maganar, tun ba a haramta caca ba.

Dabarar Hiraƙal ita ce ya ƙyale Sham da Masar a hannun abokan gaba, ya nufi gidansu. Shugaban cocin Kustantiniyya, Sarjiyus, ya yarda aka narkar da kwanonin zinariya da azurfa na majami'u aka buga kuɗi aka biya soja. Daga 622 sarki da kansa ya fita, abin da sarakunan Rum suka daɗe da dainawa, ya bi ta duwatsun Armeniya. A 624 ya rushe babban ɗakin wutar Majusawa da ke kusa da Ganzak, a arewa maso yammacin Iran ta yau, wurin da sarakunan Farisa ke zuwa ziyara. Ramuwar Ƙudus ke nan, kuma kowa ya gane haka. A 626 Kisra ya haɗa kai da Awarawa, wasu mayaƙa masu dawaki daga yankin kogin Danub, suka kewaye Kustantiniyya, sarki ba ya gari, amma ganuwa da jiragen ruwa suka hana su. Shi kuma Hiraƙal ya samo nasa abokan, Turkawan yamma, har ya yi wa shugabansu alkawarin 'yarsa a bakin ganuwar Tiflis. Da sanyi ya shigo a ƙarshen 627, lokacin da kowa ke komawa barikinsa, sai ya yi abin da ba a zata ba, ya gangaro kudu ya shiga Iraƙi. Ranar 12 ga Disamba 627 aka haɗu a filin Nainawa, kusa da Mausil ta yau. Aka kashe sarkin yaƙin Farisa, Razad, Rumawa suka ci.

Amma a lura, ba ƙare rundunar Farisa aka yi a Nainawa ba. Ragowarta ta janye cikin tsari, kuma babbar rundunar daular ma ba ta wurin. Tana can yamma, a Sham da Masar, ƙarƙashin Shaharbaraz, wanda ya ci Ƙudus. Wannan mutum bai motsa don ceton ubangidansa ba. Ana ba da labarin cewa Rumawa sun kama manzon da ke ɗauke da umarnin Kisra na a kashe shi, suka nuna masa takardar. Ko ta wace hanya ya sani, zaman da ya yi ya fi Nainawa illa ga Kisra.

A farkon Janairun 628 Hiraƙal ya shiga Dastagird, fadar da Kisra ya fi so, wadda ya zauna a cikinta shekaru da yawa. Mai fadar ya riga ya sulale da iyalinsa zuwa Mada'in, babban birnin daularsa. Marubutan Rum sun lissafa abin da aka tarar: tutocin Rum 300 da aka ƙwace a yaƙe-yaƙen baya, tulin siliki, barkono, citta, sukari, itacen turare, da gandun namun daji mai jiminai, bareyi, jakunan jeji, ɗawisu da zakuna. Abin da ya yi nauyin ɗauka aka cinna masa wuta. Bayin da aka kwaso daga Ruha da Iskandariyya suka yi ta gudowa sansanin. Hiraƙal ya sake aika tayin sulhu, Kisra ya sake ƙi. Sai dai Mada'in kanta ba ta ciwu ba, domin an karya gadojin babbar koramar Naharawan, kuma Hiraƙal ba shi da ƙarfin tsallakawa. Ya juya arewa ya haye duwatsu ya koma Ganzak a watan Maris, dusar ƙanƙara ta rufe hanya a bayansa.

Kafin in zo kan juyin mulkin, akwai wani mutum da ya mutu a watan Janairun nan wanda labarinsa ke nuna yadda addini yake a ƙasar Kisra. Sunansa na yanka Magundat, ɗan wani malamin Majusawa, sojan doki ne a rundunar Farisa. Zuwan gicciyen nan ƙasarsu ne ya sa ya fara tambayar mene ne wannan itace da ake ta surutu a kansa. Ya bar soja, ya zauna wurin wani maƙerin azurfa Kirista a Manbij yana koyon sana'a, daga nan ya tafi Ƙudus aka yi masa baftisma aka sa masa suna Anastasiyus, ya shiga gidan ruhubanawa ya yi shekara bakwai. Sannan ya tafi Ƙaisariyya, inda akwai barikin Farisa, ya tsaya yana musu da Majusawa a fili. Aka kama shi, aka sa shi dakon duwatsu da mari a ƙafa. An yi ta lallashinsa ya janye ko da da baki ne, a gaban mutum biyu kawai, ya ƙi. Aka tura shi Farisa, ranar 22 ga Janairu 628 aka shaƙe shi tare da wasu fursunoni kusan 70 a wani wuri kusa da Dastagird, aka yanke kansa don a nuna wa sarki. Dokar Farisa ba ta hana wanda aka haifa Kirista yin addininsa ba. Shirin, matar da Kisra ya fi ƙauna, Kirista ce, haka ma Yazdin, babban ma'ajinsa. Abin da doka ba ta yafewa shi ne Bamajushe ya bar addinin sarki, kuma laifin Magundat ke nan.

Su ma Kiristocin haihuwa ba su sha da daɗi ba. Cocin Gabas, wadda aka fi sani da ta Nasɗurawa, ta yi kusan shekara 20 ba shugaba, saboda Kisra ya hana a naɗa. Likitan fada, Jibrilu mutumin Sinjar, ɗan wani ɓangaren Kiristoci ne masu adawa da Cocin Gabas, kuma shi ke da kunnen Shirin. Wani malami rahibi, Babai, shi ya riƙa tafiyar da cocin ba tare da rawani ba. Da Yazdin ya mutu kuma sarki ya ƙwace dukiyarsa, ya bar 'ya'yansa da ƙullin zuciya.

Ka haɗa waɗannan da manyan gidajen sarautar Farisa da yaƙin shekara 25 ya tatse, da hafsoshin da ke tsoron a ɗora musu laifin Nainawa, da raɗe-raɗin cewa sarki zai naɗa Mardanshah, ɗan Shirin, ya tsallake babban ɗansa Shiruwaihi. Masu ƙulle-ƙullen har sun aika wa Hiraƙal manzo suka sanar da shi shirinsu. Da ɗan gari akan ci gari. Daren 23 ga Fabrairu aka buɗe gidajen yari, masu shela suka bi unguwanni suna kiran sunan sabon sarki. Kisra ya ɓuya a lambun fada, aka kamo shi washegari. Ranar 25 aka naɗa Shiruwaihi da sunan sarauta Ƙubaz na biyu. Aka yanka Mardanshah a kan idon ubansa, ranar 28 ga wata aka kashe uban, bayan shekara 38 a kan gado. Cikin na gaba-gaba a wannan aiki har da Shamta ɗan Yazdin. Shiruwaihi bai tsaya nan ba, ya sa aka bi sauran 'yan'uwansa maza aka kashe, kuma wannan ne kuskuren da ya ci daular, domin ya bar gidan Sasan, wato zuriyar sarakunan Farisa, babu baligin namiji da zai gaji sarauta.

Manzon sabon sarki ya isa Ganzak a farkon Afrilu da takardar neman zaman lafiya da alkawarin sakin fursunoni. Hiraƙal ya rubuta gida, aka karanta wasiƙar daga kan mumbarin Aya Sofiya, babbar majami'ar Kustantiniyya, ranar Lahadin bikin Kiristoci na Fentikos, 15 ga Mayu 628. Da ayoyin Zabura ya buɗe ta, kuma ya siffanta Kisra a matsayin maƙiyin Allah da ya faɗa halaka. Wani marubuci a birnin ya kwafe ta cikin littafin tarihinsa bayan shekara biyu ko makamancin haka, ta nan ta iso mana. Sharuɗɗan Hiraƙal masu sauƙi ne ga wanda ya ci yaƙi: kowa ya koma tsohuwar iyakarsa. Bai nemi fiye da haka ba saboda baitulmalinsa wayam yake, ga bashin coci a wuyansa. A Iraƙi kuwa sabon sarki ya ba Cocin Gabas izinin zaɓe. Aka nemi Babai ya karɓa ya ƙi, bai daɗe ba ya rasu, aka naɗa Ishoyab na biyu.

Na Hijaz ka san shi, ba sai na tsawaita ba. A Zulƙida ta shekara ta 6, wato wajen Maris 628, Annabi (SAW) ya fita da sahabbai kimanin 1,400 da niyyar umara, Ƙuraishawa suka tare hanya, aka yi mubaya'a ƙarƙashin itaciya, Suhailu bin Amru ya zo aka rubuta ajiye makamai na shekara 10 bisa sharuɗɗan da suka yi wa Sayyidina Umar ɗaci. A Muharram ta shekara ta 7 aka tafi Haibara, aka bar Yahudawan wurin a gonakinsu bisa rabin amfani. A can Ja'afar bin Abi Ɗalib ya riske su, ya dawo daga Habasha, kuma a wannan lokacin Abu Huraira ya iso daga ƙasar Dausu. Wasu malaman tafsiri sun ce labarin nasarar Rum ya zo wa Musulmi ne a Hudaibiyya, wasu suka ce ranar Badar. Duka biyun suna da abin kamawa a tarihin Rum: Badar ta dace da 624, shekarar rushe ɗakin wuta, Hudaibiyya kuma ta zo makonni kaɗan bayan kashe Kisra.

Wannan "makonni kaɗan bayan" shi ne wurin da mai karatu da lura zai tsaya. In an kashe Kisra ranar 28 ga Fabrairu, a lissafin da aka saba wannan tsakiyar Shawwal ce ta shekara ta 6, kafin a fita Hudaibiyya. Manzannin kuwa masu sira sun ce a Zulhajji ta 6 ko Muharram ta 7 suka tashi. Ɗabari ma ya kawo daga Waƙidi cewa daren Talata 10 ga Jimada Ula ta shekara ta 7 aka kashe Kisra, wanda ya faɗo tsakiyar Satumba 628, wata shida da rabi bayan ranar da wasiƙar Hiraƙal ta nuna.

Ga yadda nake kallon abin. Hadisin da ke cikin Buhari bai ambaci rana ba. Abin da ya ce shi ne an ba Abdullahi bin Huzafa wasiƙar ya kai wa shugaban Bahrain, shi kuma ya miƙa wa Kisra, da ya karanta ya yayyaga, aka yi addu'ar a yayyaga su. Ranakun daga masu tattara labaran yaƙoƙi suka fito, waɗanda suka rubuta bayan shekara 150 zuwa 200, kuma tsakaninsu ma akwai saɓani. Sannan kafin Hajjin Bankwana Larabawa suna da al'adar jinkirta wata da ƙara shi, wadda Alƙur'ani ya soke, saboda haka mayar da watannin shekara ta 6 zuwa na Miladiyya ba ya fita daidai, kuskuren wata ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Wani abin lura kuma, ranar da Waƙidi ya bayar ta faɗo kusa da lokacin mutuwar Shiruwaihi, ɗan ba uban ba, kuma Larabawa kowane sarkin Farisa Kisra suke ce masa. Ni dai a kan ranar kisan, takardar da aka rubuta makonni shida bayan abin ya faru na fi riƙewa. A kan jigon labarin kuwa babu jayayya tsakanin ɓangarorin: ɗa ya kashe uba, mulki ya yayyage. Ƙarin da sira ta kawo shi ne na Bazan, gwamnan Farisa a Yaman, wanda ya aiko mutum biyu Madina, aka ba su labarin mutuwar ubangidansu, da abin ya tabbata ya musulunta tare da Farisawan da ke zaune a can.

Haka ma zancen Abu Sufyan da Hiraƙal. Hadisin ya ce a Iliya aka yi shi, wato Ƙudus, cikin lokacin sulhu, kuma Dihyatul Kalbi ne ya kawo wasiƙar ta hannun shugaban Busra. A 628 Falasɗinu tana hannun sojojin Farisa, Hiraƙal kuma yana arewa, don haka ganawar ta fi dacewa da 629, bayan sun fara janyewa. Masar ma haka take: sai 629 Farisawa suka bar ta. Ke nan Muƙauƙisin da ya karɓi Haɗib bin Abi Balta'a, ya aiko da Mariyatul Ƙibɗiyya, ba zai zama Kirus ba, wanda Hiraƙal ya tura Iskandariyya a 631 kuma littattafai da yawa ke kira da wannan laƙabin.

Ragowar shekarar ta yi wa Farisa muni. Dijla da Furatu suka yi ambaliyar da ta fasa madatsai, gonakin kudancin Iraƙi masu yawa suka koma fadama. Annobar ɗa'uni ta ɓarke, wadda marubutan Musulmi ke kira da sunan Shiruwaihi, domin ta tafi da shi kansa a kakar wannan shekara, bai cika wata takwas a kan gado ba. Aka ɗora ɗansa Ardashir, yaro ɗan shekara bakwai. Daga nan sai rikici: Shaharbaraz ya kashe yaron ya hau a 630, aka kashe shi bayan kwana 40 ko kusa da haka, aka naɗa Buran 'yar Kisra, ita ce wadda hadisin Abu Bakrata kan mutanen da suka ba mace ragamarsu ya zo a kanta. Sai 632 aka lalubo wani jikan Kisra, Yazdajird na uku, shi ma yaro. Ga shi kuma tun wajen 602 Kisra ya kawar da Nu'umanu bin Munzir, sarkin Larabawan Hira, wanda gidansu ne ke tsare masa bakin hamada, kamar manomin da ƙaya ta soke shi ya fusata ya tumɓuke shingen gonarsa.

Rum ta ci, amma me ta karɓo? Saurayi ɗan shekara 20 a Dimashƙa bai taɓa sanin mulkin Rum da wayonsa ba. Yawancin Kiristocin Masar da na karkarar Sham ba su bin aƙidar fada kan ɗabi'ar Almasihu tun babban taron shugabannin coci da aka yi a Kalkidon a 451, kuma sun ɗan sarara a ƙarƙashin Farisawa. Hiraƙal, gwani a fagen fama, bai iya lallashi ba: zuwan Kirus ya sa Binyaminu, shugaban Ƙibɗawa, ɓuya na shekara 10, Yahudawa kuma aka kore su daga Ƙudus bisa zargin sun taimaki Farisa a 614.

A ƙarshen 628 ma ƙasashen ba su dawo ba tukuna. Takardar Shiruwaihi ba ta ɗaga Shaharbaraz daga inda yake ba, sai da Hiraƙal ya zauna da shi a Arabisos, cikin Turkiyya ta yau, a Yulin 629, suka daidaita: ya janye sojojinsa ya mayar da gicciye, Rum kuma ta mara masa baya kan gadon Farisa. Hiraƙal ya shiga Ƙudus da gicciyen ranar 21 ga Maris 630, bisa lissafin mafi yawan masana. Tsakanin zaman Arabisos da wannan biki, a Satumbar 629, dakarun da ke sake kafa ikon Rum a gabashin Tekun Gishiri suka yi karo da rundunar mutum 3,000 daga Madina a ƙauyen Mu'uta. Zaidu bin Harisa, Ja'afar da Abdullahi bin Rawaha suka yi shahada, Halidu bin Walid, wanda bai fi 'yan watanni da musulunta ba, ya janye da sauran.